Malam Bello Kagara, Walin Katsina, Mawallafin Gandoki

Duk wanda ya biyo hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da la'asar, ya ɗan tsaya a Boɗinga ko Shagari, da wuya ya rasa ganin yara sun kewaye wani mai wayar hannu, sun haɗa kai wuri guda, suna kallon wani ƙato mai jar alkyabba yana tashi sama kamar shaho, harsashi na dukan ƙirjinsa yana zubewa ƙasa. Superman ke nan, jarumin Amurka wanda aka fara bugawa cikin littafin labari mai zane a 1938, daga baya aka mai da shi fim. Mu da furfura ta kama ba mu da bakin yi musu faɗa, gama mu ma mun yi namu yayin. A ƙarshen shekarun 1960 hannu da hannu mu ke karɓar mujallar hotuna ta African Film, don mu ga yadda Lance Spearman zai kuɓuta daga hannun miyagu, har takardar ta yage don yawan juyi.

Abin da mu ke so yaran nan su sani shi ne, hanyar da su ke zaune a bakinta, in mutum ya miƙe ta ya wuce Tambuwal da Jega da Yawuri, Kwantagora za ta kai shi. Daga wancan yanki ne kuwa Allah ya fito da malamin da ya ba Hausawa nasu jarumin na littafi, shekara huɗu kafin a buga Superman. Jarumin shi ne Gandoki, malamin kuwa Muhammadu Bello Kagara.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Malam Bello cikin 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne Alƙalin Kagara, garin da ke cikin Jihar Neja a yau. A gidan malamai ya buɗe ido, ya fara da allo, ya shiga littattafai tun yana ƙarami.

A wancan zamani babu mai faɗa a ji a yankin kamar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Gidan nan ba baƙo ba ne ga mutanen Boɗinga, domin Umaru Nagwamatse, mahaifin Ibrahim, wanda ya kafa Kwantagora, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, watau jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Sifawa kusa da Boɗinga kafin ya koma Sakkwato.

Cikin farkon 1901 sojojin Gwamna Lugga suka auka wa Kwantagora, suka ci ta. Sarkin Sudan ya fita da jama'arsa, iyayen Malam Bello na cikin waɗanda suka bi shi, shi kuwa lokacin bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Yaro mai wannan shekaru ba ya riƙe mashi, amma yana da ido da kunne. Ya ga mazaje waɗanda a da ba a iya haɗa ido da su sun koma 'yan gudun hijira, ya ji yadda bindiga mai ruwa ta karya dawakin da ba su taɓa juya baya ba. Bayan shekara biyu Kano ta faɗi, Sakkwato ta bi baya ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da dubban mutane, har ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na wannan shekara. A riƙe waɗannan abubuwa da kyau, don da su aka gina Gandoki.

Daga Allo Zuwa Boko

Da ƙura ta lafa, Malam Bello ya shiga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano, inda aka fara koyar da boko ga 'ya'yan sarakuna da malamai na Arewa. A lokacin nan shiga boko ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan alƙali, mutane da yawa suna ganin wanda ya shiga ya bar hanya. Shi dai ya shiga da karatunsa na Arabiyya, ya fito da shi, ya ƙara da na zamani.

Ya fara koyarwa a makarantar lardi ta Zariya, sa'an nan aka kai shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe cikin 1922, ya zama malamin Arabiyya da addini. Ta Kwalejin nan Ahmadu Bello ya bi, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, haka kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Katsina ne kuma ƙanensa Abubakar Imam ya zo wurinsa don karatu, aka sa shi makaranta, har ya zama abin da ya zama a fagen rubutun Hausa da aikin jarida.

Gasar 1933

Cikin 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi a Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa, don masu koyon boko su sami abin karantawa. Roƙon ya yi nauyi, gama a ganin malaman zamanin alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara a dandali. Duk da haka Malam Bello, mai shekara arba'in da 'yan kai, malamin addini, bai ga ƙasƙanci a ciki ba. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Gandoki na Malam Bello, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Dokta East. Dubi ikon Allah, wa da ƙane a fage ɗaya, ga kuma wanda ya yi karatu a Kwalejin da wan ke koyarwa. Aka buga Gandoki cikin 1934.

Wane ne Gandoki?

Labarin ya soma da Gandoki ya tsufa, yara suna taruwa wurinsa yana ba su labarin abin da ya gani. Kashi na farko tarihi ne da aka sani: zamanin Nagwamatse, da zuwan Turawa, da fitar Sarkin Musulmi Attahiru, da yaƙin Burmi. Gandoki na cikin kowace arangama, yana sara yana yi wa kansa kirari. To, a tarihi labari ya ƙare a Burmi, amma a littafin nan daga can ya ke buɗe sabon babi. Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa ƙasashe masu nisa, inda abokan gaba suka zama aljannu da dodanni da sarakunan da ba su san Allah ba, yana cin su da yaƙi yana shigar da su Musulunci. Daga ƙarshe ya komo gida, ya tarar da ƙasa ta sake, zamanin takobi ya wuce.

Mai karatu na yau zai ga kamannin Gandoki da jaruman fina-finan Amurka nan da nan: mutum ɗaya ya tsaya gaban runduna, abokin gaba ya fi ƙarfin ɗan Adam, a ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Akwai kuwa bambanci, kuma nan daɗin ya ke. Superman daga wata duniya aka jefo shi, ƙarfinsa daga can ya samo asali, Gandoki kuwa ɗan ƙasa ne, an san sarkinsa, an san yaƙoƙinsa, jarinsa zuciya da dogara ga Allah. Superman ɓoye kansa ya ke yi cikin rigar ma'aikacin jarida mai tabarau, don kada a gane shi. Gandoki kafin ya zare takobi sai ya faɗi sunansa da ƙarfi, don a al'adarmu jarumin da ya ɓoye sunansa bai cika jarumi ba.

A namu gani, yaron nan da ya gudu daga Kwantagora cikin 1901 shi ne ya riƙe alƙalamin. Malam Bello ya san an ci mutanensa da yaƙi, bai ɓoye wa yara ba. Amma ya ƙi yarda a ce cin yaƙi ya cinye musu mutunci, sai ya kai jaruminsa inda bindiga mai ruwa ba ta isa ba, ya bar shi ya yi nasara iyakar son ransa, sa'an nan ya komo da shi ya zaunar da shi cikin yaran sabon zamani. Wannan hali na Gandoki shi ne halin mai littafin: ya riƙe na da, ya karɓi na yanzu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan shekaru masu yawa yana koyarwa, Malam Bello ya shiga aikin En'e ta Katsina, ya riƙe alƙalanci kamar mahaifinsa, aka kuma naɗa shi Walin Katsina. Bai ajiye alƙalami ba, shi ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda aka buga cikin 1951. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1971, yana da shekara tamanin da ɗaya.

Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙago Superman, dala 130 aka ba su suka sallama shi ga kamfani, suka daɗe cikin ƙunci, sai cikin 1975 aka yanka musu abin shekara-shekara aka mai da sunansu kan aikinsu. Malam Bello bai sha wannan ba, sunansa na kan littafinsa tun ranar farko. Abin tsoro gare shi dabam ne, watau mantuwa. Superman ya rayu har ya iso Boɗinga da Shagari domin kowane zamani sai an sami mai sake zana shi, da mai sake ɗaukarsa a fim, kamar babban fim ɗin 1978. Mu ma an gwada mana hanya, tun da Malam Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim cikin 1976.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su nemi Gandoki su karanta wa yara a aji da murya, yadda kirarin zai fito. In akwai yaro mai hannun zane, a ba shi takarda ya zana fagen Burmi da ƙasar aljannu yadda ya hango su. Masu shirya fim na Kano da Sakkwato su ma su waiwaya, ga doki da sirdi an ɗaura, mahayi a ke jira.

Allah ya jiƙan Malam Bello Kagara, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.