Andreas Vesalius: Saurayin da ya ƙi yarda sai ya gani da idonsa

In kana karatun likita, ko kana da burin shiga, ka san akwai ranar da za a kai ka ɗakin gawa a miƙa maka wuƙa. To, wanda ya ɗora karatun a kan wannan turba matashi ne kamarka.

An haifi Andreas Vesalius a birnin Brussels, a Beljiyam ta yau, a 1514. A zamaninsa farfesa kan hau kujera mai tsawo yana karanta littafin Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, wanzami kuma yana ƙasa yana feɗe gawar. In jiki ya saɓa wa littafi, sai a ce jikin ne ya yi kuskure. Alhali fa Jalinus birai da aladu ya feɗe, daga nan ya yi ƙiyasin jikin mutum.

Vesalius bai iya zaman kallo ba. Yana ɗalibi a Leuven, ya taɓa lallaɓawa bayan gari ya kwaso ƙasusuwan wani da aka rataye don ya haɗa kwarangwal, abin da zai iya jefa shi cikin babbar fitina. A 1537 jami'ar Padua ta Italiya ta ba shi koyarwa. Sai ya sauko daga kujera ya karɓi wuƙa da hannunsa, ya kuma sa ɗalibai su taɓa su gani.

Nan asiri ya fara tonuwa. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, Jalinus ya ce biyu. Ƙashin tsakiyar ƙirji gaɓa uku ne, an daɗe ana koyar da bakwai. A 1543, yana ɗan shekara 28, ya fitar da littafinsa mai juzu'i bakwai cike da zane, De humani corporis fabrica.

Ka zaci an yi masa tafi? Ina! Malaminsa na Paris, Jacobus Sylvius, ya yi ta caccakarsa a rubuce. Vesalius ya bar jami'a ya zama likitan Sarki Charles na 5. Ya rasu a 1564 a tsibirin Zakynthos na Girka, yana hanyar dawowa daga Ƙudus. Kwarangwal ɗin da ya haɗa a Basel a 1543 yana jami'ar garin har yau.

Don haka in an turo maka wani bayanin lafiya a WhatsApp, kafin ka watsa shi gaba, tambayi kanka: wa ya duba ya tabbatar?