Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan Kano. Ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma daga sunansa aka samo sunan zuriyar Rumfawa, wadda ta riƙe sarautar Kano har zuwa hawan Kutumbi a 1623. An fi tunawa da shi saboda gine-ginensa da kuma gatan da ya yi wa addinin Musulunci da malamai.

Asali

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Ya gaji birnin da fatauci ya fara bunƙasa a cikinsa, amma har lokacin tsakiyar gari tana gindin dutsen Dala, inda tsofaffin al'adun tsafi suke da ƙarfi.

Gine-gine

Babban aikinsa shi ne Gidan Rumfa. Ya bar tsohuwar fada ta kusa da Dala ya gina sabuwa a fili, can kudu, sannan ya faɗaɗa ganuwa ta bi ta Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa domin sabon gidan ya shiga cikin birni. Da wannan ƙaura sarauta ta yi nesa da wuraren tsafi. Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda take ci har yau. Ana danganta masa Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Masallaci da malamai

A zamaninsa ne, wajen 1492, Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano. Ya rubuta wa sarki littafi kan wajibban masu mulki, wanda aka sani da Tajuddin. Tarihin Kano ya nuna cewa baƙin malamai ne suka umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, ya sare bishiyar da ake tsafi da ita, ya tayar da hasumiya a gurbinta. Ya yi hakan. Ba ƙaramin abu ba ne sarki ya sare abin da talakawansa suka gada suna girmamawa. A zamaninsa aka fara sallar Idi a Shadakoko, kuma Sharifan Kano suna danganta asalinsu ga Sidi Fari, wanda al-Magili ya bari a garin.

Fada

Rumfa ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya fara ba bābanni sarautu, ya kawo kakaki da figini da takalman gashin jimina. Amma shi ne dai aka ce ya fara kulle da kame, har ana kwaso 'yan mata daga gidajen bayi ana kai su fada. Ya yi yaƙi da Katsina shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ci wani.

Bayansa

Ɗansa Abdullahi ne ya gaje shi. An sake gina masallacin sau da dama, ginin da ake gani yanzu na tsakiyar ƙarni na 20 ne. Gidan Rumfa kuwa bai daina zama fada ba: bayan jihadi Sarki Sulaimanu ya shiga cikinsa, haka ma Ibrahim Dabo da zuriyarsa. Kwalejin Rumfa da ke Kano sunansa ta ci.