Louis Jordan: Makaɗin da Ya Share wa Salon R&B Hanya

A watan Yuni na 1949, mujallar Billboard ta Amurka ta sauya sunan jerin waƙoƙin baƙar fata da take wallafawa kowane mako. Ta daina kiransu faya-fayen launin fata, ta koma kiransu rhythm and blues, ko R&B a taƙaice. Sunan ne kawai sabo, domin kiɗan ya riga ya yi shekaru yana tashe a gidajen rawa, kuma babu wanda ya kai Louis Jordan yi masa hidima.

An haifi Louis Thomas Jordan ranar 8 ga Yuli, 1908, a garin Brinkley na jihar Arkansas da ke kudancin Amurka. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami. Mahaifinsa, James Jordan, malamin kiɗa ne kuma jagoran wata ƙungiyar masu bushe-bushe, shi ne ya fara koya masa busa. Tun yana matashi ya bi ayarin Rabbit Foot Minstrels, masu yawo gari-gari suna wasa a cikin tanti. A can ya koyi cewa kiɗa da barkwanci abokan tafiya ne, darasin da ya riƙe har ƙarshen ransa.

Yankin da ya tashi cike yake da gadon bayin da aka kwaso daga Afirka. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, mahukuntan South Carolina sun kafa doka a 1740 da ta hana bayi mallakar ganguna. Kiɗan bai mutu ba, sai ya koma tafi da buga ƙafa da waƙoƙin aikin gona da na coci, inda jagora kan ba da baiti jama'a su amsa, kamar yadda mawaƙi da 'yan amshi ke yi. Daga wannan tushe ne waƙar blues ta fito. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da blues, ya danganta yadda mawaƙanta ke karya murya da salon waƙar yankin Sudan ta Yamma, inda masu goge da garaya ke waƙa, ciki har da Hausawa.

Jordan ya ɗauki wannan gado zuwa manyan birane. A 1936 ya shiga ƙungiyar Chick Webb da ke wasa a zauren Savoy na unguwar Harlem a New York, yana busa saksofon yana kuma waƙa tare da Ella Fitzgerald. Zamanin na manyan ƙungiyoyi ne masu makaɗa goma sha biyar ko fiye. A 1938 ya rabu da Webb ya kafa tasa ƙarama, wadda daga baya ya raɗa wa suna Tympany Five, ko da yake sau da yawa makaɗanta kan haura biyar.

Ƙanƙantar ƙungiyar ita ce ƙarfinta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka ɗebi makaɗa zuwa soja, man fetur da tayoyi suka yi wuya, ɗawainiyar manyan ƙungiyoyi ta gagari masu gidajen rawa. Jordan kuwa da mutum shida ko bakwai yake cika zaure. Ya ɗora waƙarsa a kan tsarin blues, ya ƙara mata sauri, ya bar fiyano da ganga suna riƙe da taki mai sa rausaya, shi kuma yana ba da baiti makaɗansa na amsawa, wani lokaci da baki, wani lokaci da busa. Wannan salo ne aka sani da jump blues.

Masu saurarensa na farko su ne dubban baƙar fata da suka baro gonakin kudu zuwa masana'antun Chicago da Detroit da Los Angeles. Ya yi musu waƙa da harshensu na yau da kullum, kan jirgin ƙasa da neman aiki da rikicin aure da shagalin daren Asabar. A waƙarsa ta 1949 mai suna Saturday Night Fish Fry, ya ba da labarin walimar da 'yan sanda suka tarwatsa suka kwashe mahalarta. Da raha ya faɗe shi, amma waɗanda aka yi waƙar dominsu sun san ba wasa ba ne.

Kasuwar da ya yi ba ta da tamka a lokacin. Waƙoƙinsa 18 ne suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙar fata, inda jimillar zamansa a wannan matsayi ta kai makonni 113. Choo Choo Ch'Boogie ta 1946 kaɗai ta yi makonni 18 a sama. Faya-fayensa na kamfanin Decca sun shiga gidajen farar fata a lokacin da dokokin wariya suka raba wuraren zama da na cin abinci a kudu. Haka kuma ya jawo kiɗan kalifso na Tirinidad da rumba na Kyuba cikin waƙoƙinsa, ya haɗa rassa biyu na gadon Afirka da teku ya raba.

Sai dai ɗaukakar ba ta zo da kwanciyar hankali ba. Ya sanya sunan matarsa Fleecie Moore a matsayin marubuciyar wasu waƙoƙinsa, ciki har da Caldonia ta 1945. A 1947 ta daɓa masa wuƙa yayin wata hatsaniya, kuma bayan rabuwarsu haƙƙin waƙoƙin ya ci gaba da zama a hannunta. A 1951 ya kafa babbar ƙungiya, ba ta yi ƙarko ba. Kafin tsakiyar shekarun 1950 kasuwarsa ta ja baya, ya bar Decca.

Abin da ya ture shi kuwa daga gonarsa ya tsiro. Milt Gabler, wanda ya shirya yawancin faya-fayensa a Decca, shi ne ya shirya wa Bill Haley, wani Bature, waƙar Rock Around the Clock a 1954, a kan irin takin da Jordan ya saba. Mabuɗin jitar Chuck Berry a Johnny B. Goode ya samo asali ne daga abin da makaɗin Jordan, Carl Hogan, ya kaɗa a 1946. Ray Charles da B.B. King da James Brown duk sun amsa cewa sun koya daga gare shi. Matasa suka rungumi sabon kiɗan rock and roll, suka manta da wanda ya shuka shi.

Jordan bai ajiye saksofon ba. Ya ci gaba da wasa a ƙananan wurare har zuwa rasuwarsa sakamakon bugun zuciya ranar 4 ga Fabrairu, 1975, a Los Angeles, yana da shekara 66. An binne shi a St. Louis. Karramawa ta zo a makare: an sanya sunansa a zauren gwarazan rock and roll a 1987, aka gina wasan dandamali na Five Guys Named Moe a kan waƙoƙinsa a Landan a 1990, sannan masu ba da kyautar Grammy suka karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa a 2018, shekara 43 bayan rasuwarsa.