AGUSTIN NA HIFFO: MUTUMIN DA YA LEƘA CIKIN ZUCIYARSA

An haifi Agustin a shekara ta 354 bayan haihuwar Almasihu, a wani ƙaramin gari mai suna Tagasta. Yanzu ana ce da garin Suk Aharas, yana cikin Aljeriya. Wanda ya tashi daga Belbeji ya bi ta Tanut da Agadas da Arlit, ƙasar zai shiga, sai dai garin su Agustin yana can ƙuryar arewa wajen teku. Mutanen asali na wannan yanki dangin Buzaye ne ta wajen harshe.

Uwarsa Monika mai bi ce ƙwarai. Ubansa kuwa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Yaron yana da kai, suka sa shi makaranta, amma da ya kai shekara 16 kuɗi suka ƙare, ya yi shekara guda a gida ba aikin fari ba na baƙi. A wannan shekara, wata rana da dare, shi da abokansa suka faɗa wa itacen wani maƙwabci, suka kakkaɓe 'ya'yansa. Ba su ci na kirki ba, suka zuba wa aladu.

Wani zai ce ai ƙuruciya ce. Amma Agustin, yana da shekara fiye da 40, har ya zama shugaban ikilisiya, ya koma kan wannan dare yana yi wa kansa tambaya. Yunwa ce? A'a, a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. To, me ya so? Da ya tona, sai ya tarar laifin kansa ya so, don an hana. Ya kuma gane da shi kaɗai ne, da bai yi ba: kunyar abokai ta ja shi. Mai karatu, ka san rumbu yakan yi kyau daga waje alhali gara ta gama da hatsin. Sai mai shi ya buɗe ya sa hannu zai sani. Irin wannan dubawa Agustin ya yi wa zuciyarsa, kuma ba mu da labarin wani kafinsa da ya rubuta tonon kansa da zurfi haka.

Daga baya ya tafi birnin Kartaj karatu. Ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adiyodatus. Ya shiga addinin Mani, ya yi wajen shekara 9 a ciki. Koyarwarsu ta yi masa daɗi, gama sun ce wani iko na duhu ne ke yin zunubi a cikin mutum, ba mutumin ba. Wa zai ƙi a ɗauke masa laifi? Monika dai ba ta fasa kuka da addu'a ba. Iyaye mata da 'ya'yansu suka tafi cin rani suka sake hali sun san irin wannan kuka.

A 383 ya yaudari uwarsa a bakin teku, ya shiga jirgi da dare zuwa Roma. A 384 ya sami babban aikin koyarwa a Milan, inda ya riƙa jin wa'azin Ambros. Ga suna, ga albashi, amma ba kwanciyar rai. Ya yarda bishara gaskiya ce, sha'awa kuwa ta riƙe shi. Shi da kansa ya faɗa yakan roƙi Allah tsarki, yana kuma fatan kada amsar ta zo da wuri. Zuciya ɗaya, nufi biyu.

A 386, yana kuka a lambu, ya ji muryar yaro daga wani gida tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa kan sura 13, aya 13 da 14, inda aka gargaɗe mu mu rabu da shaye-shaye da fasikanci, mu ɗauki halin Ubangiji Yesu. Nan ya sallama. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a Ista ta 387. Monika ta gani da idonta, ta rasu a wannan shekara.

Ya koma Afirka, aka naɗa shi fasto a Hiffo a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop. A can ya rubuta littafin furcinsa, kashi 13, dukansa addu'a ne ga Allah. Wannan ne ya raba duban cikinsa da zaman zullumi: ba shi kaɗai ya shiga ba, a gaban Allah ya buɗe. Ya yi mamaki yadda mutane ke tafiya kallon duwatsu da teku, su wuce kansu ba su duba ba. Ya shaida cewa shekara da shekaru yana neman Allah a waje, ashe Allah ya fi kusa da shi fiye da ransa.

Da ya tsufa ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya yana nuna inda ya yi kuskure. A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hiffo, zazzaɓi ya kama shi. Ya sa aka rubuta Zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango kusa da gadonsa. Kwana 10 ya roƙa kada kowa ya shigo sai mai magani da mai kawo abinci, yana karantawa yana hawaye. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da dukiyar da za a raba.