Muda Lawal: Makaniken Da Ya Riƙe Tsakiyar Filin Nijeriya

Tun kafin in san wane ne Muda Lawal na san sunansa, domin laƙabin yayana ne. A Haɗejiya muka tashi, kuma filin ƙwallon unguwarmu a bakin fadama yake. Da damina ruwan kogi ke mamaye shi, sai ya janye ƙasa ta bushe sannan samari su share wuri, su kafa sanduna, a shiga taka leda har wata daminar ta kewayo. A wannan fili yayana kan tsaya a tsakiya, ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya ya rarraba wa 'yan gaba, in an ƙwace kuma ya dawo a guje ya tare. Dalilin da ya sa abokansa suka laƙaba masa Muda ke nan, sunan kuma ya bi shi har yau da furfura ta game masa kai.

Na daɗe ina zaton mai sunan na asali Bahaushe ne. Sai da na yi nisa a nazarin harshe na gane inda kunnena ya yaudare ni. Mudashiru shi ne Mudassir ɗinmu, Lawal kuma ɗan'uwan Auwalu ne da Lawan. Duk daga Larabci suka fito, kowane harshe ya lanƙwasa su yadda bakin masu shi ya saba. Ashe mutumin Bayarbe ne, amma yaran bakin kogin Haɗejiya ba su taɓa ɗaukarsa baƙo ba.

An haifi Mudashiru Babatunde Lawal a Abekuta ranar 8 ga Yuni, 1954. Sana'arsa ta farko kanikancin mota ce, daga gareji ya fito ya shiga ƙwallo. A 1975 ya koma ƙungiyar IICC Shooting Stars ta Ibadan, a shekarar kuma aka fara kiransa ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles. Shekara guda bayan haka Shooting Stars ta doke Tonnerre ta Yawunde a wasan ƙarshe, ta zama ƙungiyar Nijeriya ta farko da ta ɗauko kofin nahiyar Afirka, Muda yana tsakiyar filinta.

Mai karatun da bai damu da ƙwallo ba zai iya tambaya: mene ne aikin ɗan tsakiya? Shi ne wanda ya fi kowa gudu, ya kuma fi kowa rashin samun tafi. In abokan hamayya sun taso, shi za su fara cin karo da shi. In ƙungiyarsa ta taso, ta ƙafarsa ƙwallo za ta bi. Wanda ya jefa ta a raga shi jarida ke bugawa, wanda ya ƙwato ta ya miƙa kuwa sai masana ke lura da shi. Wannan aikin Muda ya yi wa Nijeriya shekara goma.

Ya halarci gasar cin kofin ƙasashen Afirka sau biyar a jere. A Habasha a 1976 da Gana a 1978 Nijeriya ta zo ta uku. A 1980 gasar ta zo gida, kuma ranar 22 ga Maris, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, Nijeriya ta lallasa Aljeriya da ci uku da nema. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda ya ci ta uku, bayan mai horar da su, Otto Gloria ɗan ƙasar Birazil, ya matsar da shi gaba a wannan rana. Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin, karo na farko a tarihin ƙasar nan, aka kuma ba 'yan wasan gidaje da motoci da lambar girma. A Libiya a 1982 an fitar da Nijeriya tun zagayen farko. A Kodebuwa a 1984 ta kai wasan ƙarshe, Muda ya fara zura ƙwallo, amma Kamaru ta farke ta ƙara biyu.

A shekarar ta 1984 Zamalek ta Masar ta doke Shooting Stars a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, daga nan gwamnan soja ya wargaza ƙungiyar. Muda ya koma Stationery Stores ta Legas, sannan Abiola Babes ta garinsu, kafin ya dawo Ibadan yana wasa yana taimakawa wajen horarwa. Ranar 6 ga Yuli, 1991, Allah Ya yi masa rasuwa a Ibadan yana da shekara 37. Ina firamare a lokacin, kuma ban manta yadda yayana ya yi tagumi gaban rediyo ba. Ko wata biyu ba a yi ba aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Wasanni 86 ya buga wa Nijeriya, adadin da aka shekara ashirin bayan rasuwarsa kafin Joseph Yobo ya wuce shi. An sa wa wani filin wasa a Abekuta sunansa.

To, ga abin da ya sa na tono wannan tarihi. Muda bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Turai ba. Daga gareji zuwa ƙungiyar gari, daga nan zuwa ƙungiyar ƙasa, duk a gida ya hau tsanin, domin a lokacin akwai tsanin. Akwai gasar makarantu, akwai ƙungiyoyin kamfanoni da na ma'aikatu, akwai masu ido da ke yawo suna neman yara. Yayana bai samu wannan ba. Babu wanda ya taɓa zuwa bakin fadamarmu da takarda da biro, don haka da aure ya zo sai ya rataye takalmi ya kama noman shinkafa. Ba na cewa da ya zama Muda na biyu. Ina cewa babu wanda ya gwada shi balle a sani.

Yau samarin Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma sun cika gidajen kallon ƙwallo, suna biyan kuɗi suna musu kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, alhali ƙungiyar jiharmu, Jigawa Golden Stars, ta sha hawa rukunin farko tana saukowa. Kuma ba baiwa muka rasa a Arewa ba. Ahmed Musa, wanda ya zarce Muda da Yobo duka a yawan wasannin ƙasa, a Kano Pillars duniya ta fara saninsa. Da ba a gan shi a gida ba, wa zai gan shi a waje?

Kirana ga hukumomin ilmi da na wasanni, da masu hali cikinmu, shi ne a farfaɗo da gasar makarantu tun daga ƙananan hukumomi, a keɓe filayen da ruwa ba ya ci, a kuma hana yanka su fulotai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wataƙila a yanzu haka akwai wani yaro a garejin bakin tasha, hannunsa duk baƙin mai, yana jiran la'asar ya fita fili. Haƙƙinsa ne a je a gan shi.

Allah Ya jiƙan Muda Lawal, Ya sa ya huta.