Mary Lockwood: Matar da ta ƙi yarda a manta da mata a tarihin Amurka

A wannan fitowa za mu leƙa Amurka ne, mu ji tarihin wata dattijuwa mai suna Mary Smith Lockwood. An haife ta a jihar New York a shekarar 1831, daga baya ta koma birnin Washington da zama. Marubuciya ce, amma sai da ta kusa shekara sittin sunanta ya fito sosai.

Ga yadda abin ya faru. A 1890 ƙungiyar mazan da kakanninsu suka yi yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga hannun Ingila ta ce ba ta karɓar mata. Abin ya ɓata wa Mary rai. A watan Yuli na wannan shekara ta yi rubutu a jaridar Washington Post, ta kawo labarin Hannah Arnett, wadda aka ruwaito cewa a 1776 maza sun taru a gidanta suna shawarar miƙa wuya ga Ingila, ita kuwa ta shiga tsakiyarsu ta yi ta magana har suka fasa. Abin da Mary ke nufi a fili yake: ƙasar da ke da iyaye maza ai tana da iyaye mata, don me za a riƙa ambaton waɗancan a bar waɗannan?

Ranar 11 ga Oktoba, 1890, aka yi taro a gidan da take zaune, aka kafa ƙungiyar 'ya'ya matan juyin-juya-halin Amurka, wadda aka fi sani da DAR. Su huɗu ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa ta: ita Mary, da Eugenia Washington, da Mary Desha, da Ellen Walworth. Caroline Harrison, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ita ce shugabar farko.

Sharaɗin shiga shi ne mace ta kawo takardun da ke nuna salsalarta har zuwa kan wani da ya taimaka a wancan yaƙi. Faɗa da baki ba ya wadatarwa. Reshe na farko a Chicago aka buɗe shi a 1891, yau kuwa rassan sun kai kimanin 3,000. A rassan nan ne ake ainihin aikin: gyaran kaburburan tsoffin mayaƙa, adana tsoffin takardu, da ba ɗalibai tallafin karatu.

Mary ce ta fara riƙe muƙamin mai kula da tarihin ƙungiyar, ta kuma yi editar mujallarta. Ta rasu a 1922 tana da shekara 91, ita ce ta ƙarshe cikin su huɗun.

Sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Ƙungiyar da aka kafa don an rufe wa mata ƙofa, ita ma ta rufe wa wasu matan tata. A 1939, bayan rasuwar Mary, DAR ta hana mawaƙiya Marian Anderson yin waƙa a zaurenta saboda baƙar fata ce. Eleanor Roosevelt, uwargidan shugaban ƙasa, ta fice daga ƙungiyar saboda haka. Alhali kuwa baƙaƙen fata ma sun yi wancan yaƙi! Lena Ferguson, wadda wani reshe a Washington ya ƙi karɓa duk da ta kawo hujjar salsalarta, sai a 1984 aka ba ta cikakkiyar damar shiga, ƙungiyar kuma ta amince za ta binciko sunayen baƙaƙen fatan da suka yi yaƙin.