Bernard Fagg: Baturen da ya bi sawun shekarun gumakan Nok

A shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan da Kagoro, ya tsinci kan mutum na gasasshen yumɓu, ya kafa shi a gonar doya don tsorata ɓarnar dabbobi da tsuntsaye. Daga baya kan ya isa Jos, ya shiga hannun Bernard Fagg, jami'in mulkin mallaka da aka haifa a Ingila a 1915, wanda ya karanta ilmin binciken kayan tarihi a Jami'ar Kambirij kafin ya zo Nijeriya a 1939.

Babu rubutu a jikin kan, babu alamar wanda ya gina shi. Ido kawai Fagg ya dogara da shi, irin yadda masanin nan na Italiya, Giovanni Morelli, kan gane mai tsohon zane daga yadda ya zana kunne da yatsu. Fagg ya lura da idanun masu kusurwa uku, da hujin da aka yi a ƙwayar ido da hanci, ya ga sun yi kama da wani ɗan kai da aka tono a ƙauyen Nok a 1928. Ya yanke cewa al'umma ɗaya ce ta gina su, ya laƙaba mata sunan ƙauyen.

Sanin shekarun ne ya fi wuya. Ramukan kuza ƙasa ce da ruwa ya gauraya, don haka gawayin da ke gefen gunki ba lalle ba ne tsaransa ne. Sai a shekarun 1960, a Taruga, ya sami gumakan tare da matoyar narka ƙarfe a inda masu su suka bar su. Awon gawayin wurin ya nuna ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya sanya zamanin Nok daga wajen 500 kafin Miladiyya zuwa 200 bayanta.

Shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya shugabanci sashen kayan tarihi na ƙasa daga 1957, sannan ya koma Okisfod a 1963. Ya rasu a 1987.

Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt da suka soma tono a 2005 sun mayar da mafarin Nok zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya. Sun tarar masu tonon sata sun riga su zuwa wurare da yawa, sun kwashe gumakan, sun hargitsa ƙasar da za a auna.